Kada a Manta da Naƙasassunmu

A Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana muna da makafi, da guragu, da kurame, har da waɗanda harin 'yan bindiga ya naƙasa. Sau da yawa taimakon gwamnati yakan zo ya wuce su, domin sunansu ba ya cikin littafi. Ko Mefiboshet gurgu, sai da Ziba ya ambaci sunansa a gaban Sarki Dawuda kafin aka kawo shi daga Lodebar. Wannan aikin Ziba ne muke so kowane gida ya ɗauka.

Ba a biyan kowane naƙasasshe albashi a ƙasar nan, amma akwai hakkin da doka ta ba su. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Dokar ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ce a keɓe musu biyar cikin ɗari na ayyukan gwamnati. Sai dai hukuma takarda take dubawa.

Da fari, a kai mutum babban asibiti, kamar na Batsari ko na Katsina, likita ya duba shi ya rubuta irin naƙasar da abin da ta hana shi yi. Kada kunya ta sa ya ce “da sauƙi” alhali ba ya iya tsayuwa. Kada kuma a ƙara ƙarya, gama zunubi ce, tana kuma ɓata wa masu gaskiya hanya.

Na biyu, a yi masa lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke katin ya zama ɗaya da na takardar likita da na banki. In wata ta ce Iliya Garba, wata ta ce Iliyasu Garba, ana iya ajiye maganarsa gefe.

Na uku, a sanar da mai unguwa da dagaci, gama a gaban jama'ar gari ake zaɓen gidajen da za su shiga rajistar mabukata. Wanda ya yi gudun hijira ya kai kansa ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar da ya sauka.

A ƙarshe, a ɗauki hoton kowace takarda a ba dattijon ekklesiya ajiya, gama gida yana iya ƙonewa. Kada a ba kowa toshiya. In an ƙi yau, a tambayi dalili a koma, mai nema yana tare da samu.

Ya ku zumuntar mata da matasa, wa za ku raka asibiti a wannan wata? Ubangiji ya ba mu zuciyar yi.