Briqueterie: Yadda Tagar Kwamfuta Ke Ɓata Wa 'Yan Kasuwa Bayan Sabuntawa

Duk wanda ya san birnin Yawunde ya san Briqueterie, unguwar Hausawa da ta samo sunanta daga wurin yin bulo na zamanin Turawa. A nan ake samun tsire da kilishi, da teloli, da shagunan yadi da shadda, kuma a nan fatake da dama ke sauka kafin su wuce kudu zuwa Kyé-Ossi, kan iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, ko su koma arewa ta Ngaundare. A 'yan shekarun nan kwamfuta ta shiga shagunan unguwar sosai. Littafin bashi da a da ake ajiyewa ƙarƙashin kanta, yanzu a wurare da yawa yana cikin na'ura, tare da rasit da jerin kayan da aka loda wa mota.

To a nan ne wata matsala ta ɓullo, wadda a ido ƙarama ce amma tana jawo asara. Mutum zai kashe kwamfutarsa lafiya lau da daddare, ta ce masa tana sabunta kanta, kada ya cire wuta. Da safe ya kunna, ya latsa manhajar lissafinsa, ya ga alamarta ta fito a layin ƙasa, wato ta buɗe ke nan, amma tagar da zai yi aiki a ciki babu ita babu dalilinta. Wani kuma tagar na nan, sai dai rabinta ya shige gefe, kanta ya haye sama yadda ba ya kamuwa balle a jawo ta.

Mun tarar da irin wannan a wani shagon buga takardu da ke unguwar. Wani dattijo mai fataucin yadi yana tsaye, motar da za ta ɗauki kayansa tana jira, yaron shago kuwa ya haɗa gumi, domin jerin kayan yana cikin manhajar da tagarta ta ɓace. Wani maƙwabci har ya yanke hukunci cewa ƙwayar cuta ce ta shiga na'urar, sai an goge komai an sake zubi. Da an bi shawararsa, da lissafin bashin mutane da yawa ya tafi ke nan. Abin da ya faru kuwa bai kai haka ba: a daren jiya yaran shago sun jona kwamfutar da talabijin sun kalli ƙwallo, wayar tana jone har safiya, talabijin ɗin kuma a kashe. Tagar tana can kan allon da ba kowa ke ganinsa ba.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta na auna allonta da ɗigo-ɗigo, tana fara ƙidaya daga kusurwar sama ta hagu. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake saye na hannu suna da ɗigo 1366 a faɗi, 768 a tsawo. Idan aka jona talabijin ko wani allo aka ce ya zama ƙari a gefen dama, sai na'urar ta ɗauki biyun tamkar fili ɗaya, ƙidayar ta zarce 1366 ta ci gaba. Manhajoji da dama kuma sukan rubuta wurin da aka rufe su domin su dawo nan gobe. Idan manhaja ta rubuta cewa mazauninta yana kan ɗigo na 1500, alhali yau filin ya tsaya a 1366, to za ta je ta zauna a inda babu allo. Windows kan yi ƙoƙarin tattaro tagogi idan ta gane an cire allo na biyu, sai dai tsofaffin manhajoji masu riƙe da nasu lissafin ba kullum suke bin umarni ba.

Ina ruwan sabuntawa a ciki? Sau da yawa takan zo da sabon direba, wato ƙaramar manhajar da ke tuƙa allo. Idan direba ya canza, yawan ɗigo na iya canzawa, ko girman rubutu ya tashi daga kashi 100 zuwa 125 ko 150, ko na'urar ta sake tsara wanne allo ne na farko. Lambar da manhaja ta ajiye jiya sai ta daina dacewa da filin yau. Ɗaukewar wuta ma na da nata hannun, domin talabijin kan mutu nan take, kwamfuta kuwa ta ci gaba da batir.

Maganin yana kan maɓallai, ba a wurin mai gyara ba. Da farko a cire duk wayar da ta haɗa kwamfuta da wani allo. A danne maɓallin Windows, mai hoton taga, tare da harafin P, a zaɓi na farko a jerin da zai fito, wanda ke nufin allon kwamfuta kaɗai. Idan tagar ba ta dawo ba, a zaɓe ta da Alt da Tab, sannan a danne maɓallin Windows da Shift a latsa kibiyar hagu ko ta dama. Wannan na ɗauko taga daga allo zuwa allo. Windows da kibiyar sama kuma na sa ta cika allo.

Akwai wata tsohuwar dabara da ta fi waɗannan daɗewa, kuma ita muka fi amincewa da ita. Bayan an zaɓi tagar, a danna Alt tare da dogon maɓallin tazara. Ɗan jeri zai fito, a zaɓi Move idan na'urar da Ingilishi take, ko Déplacer idan da Faransanci, kamar yadda akasarin na Yawunde suke. A latsa kibiya sau ɗaya, kowacce, sannan a motsa linzami. Tagar za ta maƙale wa linzamin ta biyo shi har tsakiyar allo. A ajiye ta a nan, a rufe manhajar da hannu, domin ta rubuta sabon mazauni. Masu koyarwa kan ce a latsa M kawai, to amma wannan harafin na jerin Ingilishi ne, kada mai na'urar Faransanci ya dogara da shi.

Abin da ya ƙara yawan koke a 'yan kwanakin nan shi ne ƙaura daga Windows 10 zuwa Windows 11. Kamfanin Microsoft ya fito da ta 11 a ranar 5 ga Oktoba 2021, ya kuma daina tallafa wa ta 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da wani shiri na ƙarin kariya da ya buɗe wa masu so zuwa 13 ga Oktoba 2026. Sabuwar ta zo da zaɓin tuna mazaunin kowace taga gwargwadon allon da aka jona, wanda gyara ne na gaske. Sai dai ta sauya fasali: maɓallin farawa ya koma tsakiya, kuma umarnin jera tagogi bisa juna, da a da ake samu idan an latsa dama a layin ƙasa, ya fita daga wurin. Wanda ya saba da shi wajen kamo ɓatacciyar taga sai ya neme shi ya rasa. Ga kuma sharaɗin guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Masu gyara kan yi dabara su ɗora ta duk da haka, kamfanin kuwa ya bayyana cewa bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba. Saboda haka mai sayen kwamfuta ta hannu, a Avenue Kennedy ne ko a Mubi, ya tambaya a kan wace hanya aka ɗora mata abin da ke cikinta.

Mun ji wasu na cewa gara a toshe sabuntawa gaba ɗaya a huta. Ba mu ga laifinsu ba, domin duniya ta shaida ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Amma na'urar da ake karɓar saƙon kuɗi da ita ba ta zama babu kariya. A ganinmu abin da ya fi shi ne zaɓen lokaci. Microsoft kan saki gyare-gyarenta na wata-wata a Talata ta biyu, kuma Windows na ba da damar dakatar da su har mako biyar. Wanda ya san ranar lodinsa ko ranar kasuwarsa ta faɗo a wannan mako, ya dakatar, ya kwafe littafin bashinsa a filashi, ya bari sai mota ta tashi. Idan babbar sabuntawa ce ta ɓata masa aiki, yana da kwana 10 da zai iya komawa kan ta da, bayan nan ƙofar ta rufe.

Shi dai dattijon mai yadi, da aka zare wayar talabijin tagar ta faɗo kan allo da jerin kayansa cif, aka buga masa kwafi biyu, ya karɓa ya nufi tasha kafin la'asar.