Mata da Gudun Dogon Zango: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk lokacin da labari ya iso mana cewa wata mace ta yi gudun ɗaruruwan kilomita har ta riga maza isa, mukan rabu gida biyu. Wasunmu su ce ƙari aka yi wa labarin, wasu kuma su ce ai dama mata sun fi maza juriya. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani daidai, yana kuma da inda ya zarce.

"Gudun fanfalaki ne iyakar abin da ɗan Adam zai iya"

Ba haka ba ne. Fanfalaki kilomita 42 ne da 'yan mitoci, kuma akwai tseren da ya ninka shi sau da yawa. A Afirka ta Kudu, tun 1921 ake yin tseren Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, mai nisan kusan kilomita 90. A Saharar Maroko kuwa akwai Marathon des Sables, kimanin kilomita 250 cikin mako guda, kowa da guzurinsa a baya. Mun ɗauka fanfalaki ne ƙarshe saboda a nan gudun Olamfik ya tsaya, shi kuma talabijin ke nuna mana. Masu gudun da ya wuce fanfalaki sukan taka a hankali a kan hawa, su ci abinci, su ɗan runtsa idan tseren na kwanaki ne.

"Dogon gudu yana lalata jikin mace"

Wannan magana ta daɗe, kuma daga bakin masu ilimi da hukumomin wasanni ta fito, shi ya sa ta yi saiwa. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam, mata sun yi tseren mita 800. Lina Radke ta Jamus ta yi nasara har ta kafa tarihin duniya, amma abin da jaridu suka zuzuta shi ne gajiyar da matan suka nuna bayan sun gama. Sai aka soke wannan tsere ga mata, ba a dawo da shi ba sai 1960. A 1967 wani jami'in tseren fanfalaki na Boston ya yi yunƙurin fizge Kathrine Switzer daga kan hanya, ta kuɓuce masa ta kammala. Comrades bai karɓi mata a hukumance ba sai 1975, Olamfik kuwa sai 1984 ta ba su fanfalaki.

A nan ne ya kamata mu lura da yadda kuskure ke ciyar da kansa. An hana mata gudu don an ce ba za su iya ba, sannan aka kafa hujja da cewa ba a taɓa ganin sun yi ba. Wanda ya tashi a wancan zamani ya gaskata haka, ba za mu ga laifinsa ba, domin babu abin da zai gani ya ƙaryata.

Gudu ba ya taɓa mahaifa yadda ake faɗa. Haɗarin da likitoci suka tabbatar daban ne: idan mace tana motsa jiki sosai amma abincinta bai kai abin da jikin ke ƙonewa ba, al'adarta na iya ɗaukewa, ƙashinta ya yi rauni. Ƙarancin jini ma yakan dami 'yan gudu mata. Maganin wannan shi ne isasshen abinci da hutu da ganin likita.

"Mace ba ta taɓa riga maza a babban tsere ba"

Ta taɓa, kuma ba sau ɗaya ba. Pam Reed ta Amurka ta zo ta ɗaya, maza da mata, a tseren Badwater a 2002 da 2003; kilomita 217 ne da ake farawa a Death Valley cikin tsananin zafin watan Yuli. A 2017 Courtney Dauwalter ta lashe Moab 240, kusan kilomita 380, ta ba wanda ya zo na biyu tazarar fiye da awa 10. A watan Janairun 2019 Jasmin Paris, likitar dabbobi daga Birtaniya, ta ci tseren Spine mai kilomita 431 cikin hunturun Ingila. Ta gama cikin awa 83, ta rage fiye da awa 12 daga tarihin da namiji ya kafa.

"To, ashe idan zango ya yi nisa mata sun fi maza"

Wannan ita ce sabuwar jita-jitar, kuma ta fi saurin yaɗuwa saboda tana da daɗin ji. Sai dai alƙaluma ba su goyi bayanta ba. A gudun awa 24, Aleksandr Sorokin na Lituweniya ya yi kilomita 319 a 2022, yayin da Miho Nakata ta Japan ta kafa tarihin mata da kilomita 270 a 2023. Tazarar tana nan, domin a jimlace maza sun fi girman zuciya da tsoka, jininsu kuma ya fi ɗaukar iskar shaƙa.

Me ya sa wasu matan ke nasara? Idan tsere ya kai kwana biyu ko uku, sauri kaɗai ba ya yanke hukunci. Wanda ya iya jure rashin barci, cikinsa ya karɓi abinci, bai ɓace hanya da dare ba, bai kuma ƙarar da ƙarfinsa tun farko ba, shi ke gaba. Sannan mahalarta irin wannan tsere kaɗan ne, saboda haka gwana ta gaske tana iya fin duk mazan da suka zo ranar. Labarin nasararta yakan zaga duniya, amma ɗaruruwan tseren da maza suka ci ba mai kawo mana su, sai mu ɗauka abin da muka ji shi ne abin da aka saba. A ganinmu waɗannan mata ba sa buƙatar a ƙara wa labarinsu gishiri.

"Da mace ta haihu, ta gama gudu"

Lokacin da Jasmin Paris ta ci tseren Spine, 'yarta tana da wata 14, kuma takan tatsi nono a wuraren tsayawa kafin ta ci gaba. Ba kowace mai jego ce za ta yi haka ba, komawa gudu bayan haihuwa yana son haƙuri da shawarar likita. Amma haihuwa ba ta rufe ƙofa. A watan Maris na 2024, tana da shekara 40 da 'ya'ya biyu, ta shiga Barkley Marathons a dazukan jihar Tennessee, tseren da ake zagaye biyar cikin awa 60 da taswira da kamfas kawai, wanda mutum 20 ne kacal suka taɓa kammalawa zuwa 2024. Ta iso saura daƙiƙa 99 lokaci ya cika, ta zama mace ta farko da ta gama shi.