Bambancin Babbar Almara da Baƙar Almara a Adabi da Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa kama da wane ba ta wane. Ɗalibai da yawa in sun ga labari mai dodanni, da matsafa, da takubba, sai su haɗa shi a kwando ɗaya su kira shi "fantasi". Alhali kuwa akwai rassa biyu da ya kamata a rarrabe. A wannan maƙala za mu kira su babbar almara da baƙar almara.

Babbar Almara

Marubucin Amurka Lloyd Alexander ne ya fito da sunan wannan reshe a wata maƙalarsa ta 1971. Labarin yakan faru ne a wata duniya da aka ƙirƙira, mai taswirarta, da tarihinta, wani lokaci har da harsunanta. Babban misali shi ne The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, ɗan Ingila, wanda ya fito tsakanin 1954 da 1955. A nan mai karatu ya san ɓangaren alheri, ya san na sharri. Frodo ya sha baƙar wuya, amma da zoben ya halaka, mulkin Sauron ya rushe, duniya ta samu sa'ida. Haka abin yake a wasan The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo, wanda ya fara fitowa a 1986: Link zai kayar da Ganon, masarautar Hyrule ta tsira.

Baƙar Almara

Ita kuwa wannan, tsoro da yanke ƙauna ne jigonta, kuma nasara ba ta zuwa a tsarkake. A wasan Dark Souls na 2011, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya yi, ɗan wasa zai zaɓi ɗayan biyu a ƙarshe: ko ya ƙona kansa domin wutar duniya ta ƙara kwana, ko ya bar ta ta mutu duhu ya mamaye. Babu zaɓin da ke warkar da duniyar. A wasan The Witcher 3 na 2015, wanda aka gina kan labaran Andrzej Sapkowski na ƙasar Folan, Geralt ya tarar da wani ruhi a ɗaure cikin bishiya. In ya sake shi, wasu marayu za su tsira amma a hallaka mutanen wani ƙauye. In ya kashe shi, ƙauyen ya tsira, marayun su salwanta. Gaba kura ke nan, baya siyaki.

Ina Bambancin Yake?

Ba yawan jini ko munin dodo ne ma'auni ba, domin a littafin Tolkien ma akwai yaƙi da gizo-gizo mai cin mutane. Tambayar ita ce: shin labarin ya yarda cewa alheri zai iya gyara duniya? Sannan a lura, babbar almara tana bayyana irin duniyar da aka gina da girman gwagwarmayar, ita kuwa baƙar almara tana bayyana yanayin da labarin ke jefa mutum ciki. Saboda haka aiki ɗaya zai iya ɗaukar siffofin biyu, kamar yadda Dark Souls ke da ƙirƙirarriyar duniya amma babu bege a cikinta.

Kammalawa

Duk ɗalibin da zai yi nazari ko fassarar irin waɗannan ayyuka, ya duba ƙarshen labari kafin ya laƙaba masa suna: me jarumi ya biya, kuma me biyan ya saya?