Ka'idoji Biyu da Suka Ƙi Jituwa

Ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka kai shi kusa da allura. Nan take za ta tashi ta manne masa. Duniya da duk girmanta tana jan allurar ƙasa, amma ɗan maganaɗisun ya rinjaye ta. Ka ga ke nan ƙarfin janyowa, wato ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo daga bishiya, yana da rauni ƙwarai.

A shekarar 1915 Albert Einstein ya bayyana yadda wannan ƙarfi yake aiki. Ya ce sarari da lokaci suna kama da zanen da aka miƙar. Abu mai nauyi kamar rana yakan lotsa zanen, sai duniya ta riƙa kewaya lotsin. Da wannan ka'ida ake lissafin tafiyar taurari, kuma ba ta ba masana kunya ba.

Ƙwayoyin zarra kuwa, da abubuwan da suka fi su ƙanƙanta, suna da tasu ka'ida, wadda ake kira kwantam. Max Planck ne ya aza harsashinta a 1900. Ta nuna cewa makamashi yana zuwa ne gutsure-gutsure, kuma ba a iya faɗin inda ƙwaya za ta bayyana da tabbaci, sai dai a lissafa yiwuwar hakan. Wayar da ke hannunka da wannan ilimi aka ƙera ta.

To, ina matsalar? Kowace ka'ida tana da gaskiya a fagenta, kuma ba su cika haɗuwa ba. Amma a tsakiyar baƙin rami, inda tauraro ya rushe ya dunƙule, akwai nauyi mai yawa a ɗan ƙanƙanin wuri. Dole a yi aiki da su biyun. Da an haɗa su, sai lissafi ya ba da amsa marar iyaka, wadda ba ta da ma'ana.

Wasu masana sun kawo ra'ayin tsirkiya. Sun ce asalin kowace ƙwaya wani siririn zare ne mai kaɗawa. Tsirkiya ɗaya ta molo tana ba da amo iri-iri. Haka zaren yake ba da ƙwayoyi iri-iri gwargwadon kaɗawarsa, har da ƙwayar da ke ɗauke da ƙarfin janyowa. Ra'ayin yana da ban sha'awa, sai dai yana da tsada. Mu mun san tsawo da faɗi da zurfi da lokaci, huɗu ke nan, shi kuwa goma yake bukata.

Carlo Rovelli da Lee Smolin sun bi wata hanya a ƙarshen shekarun 1980. A ganinsu sarari kansa saƙa ce ta ƙananan zobba. Dubi tabarma daga nesa, za ka gan ta sumul. Matso kusa, sai kabar ta fito ɗaya-ɗaya.

Har yau babu gwajin da ya raba gardama. Zaren da zobban duka ana tsammanin ƙanƙantarsu ta kai abin da za ka samu in ka rubuta 1 da sifili 35 a bayansa, ka raba mita ɗaya gida-gida har adadin nan. Babbar na'urar karo da ƙwayoyi da ke kusa da Janeba, mai kewayen kilomita 27, ba ta ko kusa da hango wannan.