Boswaja da Kayan Araha: Abin da Ya Ci Min Kuɗi Sau Biyu

Yau hirar tsofaffin motoci za mu yi, musamman Beetle, wadda iyayenmu ke kira Boswaja. An daina ƙera ta a 2003 a Meksiko bayan an yi sama da miliyan 21, kuma tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas. Saboda yawanta, mutane na ɗauka duk kayan Boswaja ɗaya ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na sha wuya.

Tawa ƙirar 1966 ce, na gaje ta daga kawuna. Na samo inji mai arha na ƙirar baya-baya, bakanike ya ce zai shiga. Ya shiga ɗin, amma da aka murza makulli sai ƙarar ƙarfe kawai. Dalili? A wajen 1967 motar ta koma wuta mai bolt 12 daga bolt 6. Fulawil ɗin tsohuwar haƙora 109 gare shi, na sabuwar 130. Sitata ɗaya ba ya cin duka biyun, sai dai ya gwaguye haƙoran.

Na biyu ya fi ban tsoro. Na sayi jabun distiribita samfurin 009, wato abin da ke raba wuta ga filogi, na haɗa da kafireta 34 PICT-3. Ita wannan kafireta an yi ta ne don distiribita mai aiki da zuƙar iskar inji, shi kuwa 009 gudun inji kawai yake bi. Sai ka taka totur mota ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ja. Wallahi ranar da ta yi min haka a mararraba, tirela na tahowa, na gane ba maganar kuɗi ce kaɗai ba.

Sannan ku tuna, Boswaja ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injin. Gwangwanayen nan da ke kewaye da shi su ke bi da iskar inda ake buƙata. In ka sa na arha da bai zauna daidai ba, iska ta zurare, injin na dahuwa kai ba ka sani ba.

To me za ka yi? Kafin ka sayi komai, karanta lambar inji da ta shasi, ka san shekararsu. Sayi kayan da ke aiki tare a matsayin saiti. In kuɗi bai kai ba, bar motar a ajiye wata uku. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Wa ya taɓa faɗawa irin wannan? Ku ba mu labari, mu karanto a shiri na gaba. Sai mun haɗu.