Libarbar Kaboyi: Ramuka Shida, Harsashi Biyar

Duk wanda ya taɓa kallon sinimar kaboyi ya san libarban nan da jarumi kan zaro daga kwiɓinsa cikin ƙiftawar ido. Sunanta Colt Single Action Army, sojan Amurka kuwa suka fara riƙe ta cikin shekarar 1873, watau shekara 11 bayan rasuwar Samuel Colt, wanda ya kafa kamfanin da ya ƙera ta.

A tsakiyar bindigar akwai wata 'yar ganga mai juyawa, mai ramuka shida, kowane rami na harsashi guda. A bayan gangar akwai guduma mai ɗan tsini, wadda ke sarar gindin harsashi har albarushi ya kama. Kafin kowane harbi, tilas maharbi ya ja gudumar baya da babban yatsa. Wannan jan shi ke juya gangar, ya daidaita sabon rami da bututun bindiga. Ita kunama aikinta ɗaya tak, sakin guduma. Idan ba a ɗana ba, ko an matsa ta ba abin da zai tashi.

Wajen ɗuri kuwa sai haƙuri. Akan ja guduma zuwa rabi don ganga ta saki, a buɗe wata 'yar ƙofa a gefen dama, a riƙa sa harsashi ɗaya bayan ɗaya ana juyawa da hannu. Bayan harbi, akwai tsinken ƙarfe a ƙarƙashin bututu da ake ture kwanson harsashi da shi, shi ma ɗai-ɗai.

To, a nan ne hatsarin yake. Idan an cika ramukan duka, tsinin guduma kan zauna bisa gindin harsashi mai rai. Bindigar na faɗuwa, ko wani abu ya bugi gudumar, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Cikin Janairun 1876, a garin Wichita, libarbar shahararren ɗan sandan nan Wyatt Earp ta suɓuce daga kube ta faɗi, ta tashi, harsashin ya huda masa kwat. Ƙiris ya rage.

Saboda haka masana bindigar suka riƙe ƙa'ida: a sa ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a sa huɗu. In an ja guduma har ƙarshe aka mayar da ita sannu, sai ta sauka kan ramin da ba kome.

Sai a 1973 kamfanin Ruger ya fito da irin wannan libarba mai wani ƙarfe tsakanin guduma da harsashi, wanda ba ya barin ta tashi sai an ja kunama. Amma tsofaffin da ke hannun masu tara kayan tarihi suna nan da halinsu, don tsufa ba ya kashe dafin maciji. Har yau biyar ake ɗura musu.