Jega, Aliero da Maiyama: Da me za a auna makarantar firamare mai kyau?

Duk farkon zangon karatu, iyaye a Jega, Aliero da Maiyama kan yi tambaya ɗaya: wace firamaren gwamnati ce ta fi fitar da yara? Amsar da aka saba bayarwa ita ce yawan ɗaliban aji shida da suka ci jarrabawar shiga sakandare. Sai dai wannan ma'auni yana ɓoye abu mai muhimmanci, wato yaran da ba su kai aji shidan ba.

Ƙananan hukumomin uku makwabta ne a jihar Kebbi, dukkan makarantunsu kuma suna ƙarƙashin hukumar SUBEB da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Amma yaran da ke cika azuzuwansu sun bambanta.

Jega garin kasuwa ne. Makarantun cikin gari suna ɗaukar 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata da baƙi, matsalarsu ita ce cunkoso da talla. Aliero kuwa cibiyar albasa ce, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. A nan ɗan malamin jami'a da ɗan manomi suna gari ɗaya, amma idan lokacin dashe ko cire albasa ya zo, ɗan manomin ne ake nema a gona. A Maiyama ƙauyuka sun fi yawa, ga rugagen Fulani, kuma nisan tafiya da damina kan hana ƙananan yara zuwa kullum.

Saboda haka makarantar ƙauye da ta zaunar da yara kaɗan jarrabawa, duka suka ci, za ta fi kyau a takarda, ko da yawancin 'yan matan da suka fara aji ɗaya sun daina zuwa. Makarantar cikin gari da ta riƙe kowa har ƙarshe kuwa sai a ga kamar ta gaza.

Akwai tambayoyin da suka fi fito da gaskiya. Yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kammala, mata nawa ne a cikinsu? Malamai nawa ke da takardar NCE, kuma ana kusa da ƙa'idar malami ɗaya ga ɗalibai 35 da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada? Ɗan aji uku zai iya karanta gajeren labari da Hausa?

Yawancin amsoshin suna cikin rajistar hedimasta da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, kuma kwamitin SBMC na kowace makaranta zai iya neman ganinsu. Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT, ya san waɗannan takardu. Idan aka liƙa alƙaluman a ƙofar kowace makaranta, iyaye za su zaɓa da idonsu a buɗe, hukuma kuma ta san inda ya kamata ta fara tura malamai.